Wanda Ya Dawo Da Rai: Aure, Naƙasa Da Cin Amana Daga Hamburg Zuwa Kafanchan

Duk lokacin da wata fitina ta lafa, abin da aka fi saurin yi shi ne ƙidayar gawarwaki. Jaridu su ba da nasu adadin, gwamnati ta ba da nata, kowane ɓangare kuma ya riƙe wanda ya yi masa daidai. Wanda ya mutu an yi masa sutura, matarsa ta shiga takaba ko zaman makoki, kowa ya san matsayinta, ya kuma san gaisuwar da zai yi mata. Amma akwai wani mutum da lissafi ba ya cika bi ta kansa, wato wanda ya dawo gida da ransa, alhali ya baro ƙafa ko hannu ko ido a wurin da abin ya faru. Matar irin wannan mutum mijinta bai mutu ba balle a yi mata ta'aziyya, kuma ba mijin da ta aura jiya ne ya dawo mata ba. Wannan gida nake so mu leƙa a cikin wannan maƙala, ta ƙofar wani tsohon fim na Jamusawa. Ra'ayina shi ne, mu masu nazarin Hausa, waɗanda daga cikinmu ne marubutan littattafai da na labaran fim da masu fassara ke fitowa, mun bar wani babban fage babu kowa a cikinsa, alhali labarin yana nan a ƙofar gidanmu, musamman a Kafanchan da kewayenta.

Labarin Kofur Beckmann

An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Jamus ta zama kufai. Miliyoyin mazanta sun mutu ko suna tsare a sansanonin fursunan yaƙi, har ƙidayar 1946 ta nuna mata sun fi maza yawa da kimanin miliyan bakwai. Fiye da mutum miliyan ɗaya sun dawo da naƙasa. Waɗansu fursunonin ma ba su baro Rasha ba sai a 1955 da 1956, shekara goma bayan an ajiye makamai. Mata da yawa sun yi ta jira har suka fid da rai, waɗansu suka kama zama da wasu mazan, sai ga mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba mamaki ke nan da mutuwar aure ta yi tashin gwauron zabo a ƙasar, ta kai ƙololuwa a 1948.

A cikin wannan hali ne wani saurayi ɗan birnin Hamburg mai suna Wolfgang Borchert, wanda shi ma soja ne da ya dawo da ciwo, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Draußen vor der Tür, ma'ana a waje, a bakin ƙofa. An fara sa shi a rediyo ranar 13 ga Fabrairu 1947. An fara nuna shi a dandamali ranar 21 ga Nuwamba na shekarar, kwana ɗaya tak bayan marubucin ya mutu a wani asibiti a Suwizalan yana ɗan shekara 26.

Tauraron wasan shi ne Kofur Beckmann. Ya dawo daga Saberiya bayan shekara uku, ya rasa ƙoƙon gwiwarsa, ƙafar ta sandare yana jan ta. Ɗansa ya mutu a ruwan bama-bamai, matarsa kuwa ya tarar da wani namiji a makwancinsa. Ya faɗa kogin Elbe don ya huta, kogin ya tofo shi gaɓa. Nan wata mata ta tsince shi, ta ji tausayinsa, ta kai shi ɗakinta, ta ba shi rigar mijinta wanda ya ɓace a fagen fama. Suna zaune sai ga mijin ya shigo yana dogara sanduna, da ƙafa ɗaya. Kuma ashe a ƙarƙashin umarnin Beckmann ɗin ne ya rasa ƙafar.

Mai karatu ya lura da abin da marubucin ya yi a nan. A dare ɗaya ya mai da mutum guda wanda aka ci amanarsa, ya kuma mai da shi wanda aka tarar a ɗakin wani. Da haka ya ƙwace wa mai kallo sandar hukunci. In ka tashi tsine wa matar Beckmann, to me za ka ce da matar da ta tsamo shi daga ruwa? In ka tausaya wa Beckmann, ina za ka ajiye mai ƙafa ɗaya?

Yadda Fim Ya Sassauta Labarin

A 1949 darakta Wolfgang Liebeneiner ya mai da wasan fim, ya sa masa suna Liebe 47, wato soyayya a shekarar 1947. Karl John ne ya fito a Beckmann. Sai dai daraktan ya ƙara wata mata mai suna Anna Gehrke, wadda Hilde Krahl ta fito a matsayinta. Ita ma ta zo bakin kogin ne don ta kashe kanta, bayan yaƙi ya cinye mata miji, ta rasa 'yarta, ta kuma yi ta faɗawa hannun mazan da suka yi amfani da halin da take ciki. Suka zauna kowa ya ba ɗan'uwansa labarinsa, daga ƙarshe suka fasa mutuwa, suka amince su rayu tare. A wasan Borchert kuwa babu wannan sauƙi, an rufe labule ne Beckmann yana tambaya babu mai amsa masa.

Wannan ƙari yana da kyau ta wata fuska, domin ya ba mace baki ta faɗi nata ɓangaren, abin da wasan asali bai yi sosai ba. Amma ta wata fuskar tarko ne. Ƙasa ce ta tura Beckmann yaƙi, kanar ɗin da ya ba shi umarni yana gidansa yana cin abinci da iyalinsa, sai ga shi an ɗora wa wata mace mai nata raunin nauyin warkar da shi. Wannan tarko mun san shi sarai a nan gida, sunansa "ki yi haƙuri". Duk da sassaucin, fim ɗin bai yi kasuwa ba, don Jamusawan lokacin sun gaji da kallon ɓaraguzai, sun fi son abin da zai mantar da su.

Akwai wani abu game da wannan darakta da ya kamata a sani. Shi ne dai a 1941, zamanin Hitila, ya yi fim ɗin Ich klage an, ma'ana ina tuhuma, labarin wata matar likita da ciwon jijiyoyi ke shanye mata jiki sannu a hankali, ta roƙi mijinta ya kashe ta, ya kuwa kashe ta, aka nuna hakan a matsayin ƙauna. An yi fim ɗin ne don a lallashi jama'a su yarda da shirin gwamnatin Nazi na halaka naƙasassu da masu taɓin hankali, shirin da ya ci rayuka kimanin 70,000 daga farkon 1940 zuwa Agustan 1941. Ko bayan yaƙi wannan tunani bai gushe ba. A fim ɗin Die Sünderin na 1951, wato mai zunubi, Hildegard Knef ta fito a matar da ta koma karuwanci don ta biya kuɗin aikin masoyinta, mai zanen hotuna da ƙari a ƙwaƙwalwa ke makantarwa, daga ƙarshe ta ba shi ƙwayoyin barci ya mutu, ita ma ta bi shi. Saboda haka ban kawo Jamusawa don a ce sun fi mu ba. Na kawo su ne don sun gwada hanyoyin duka, mai kyau da mugu, mu kuwa muna iya duba sawunsu kafin mu taka.

Me Ya Haɗa Kafanchan Da Wannan?

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun shekarun 1920 da layin dogo daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna, ya kuma yi reshe zuwa Jos, garin ya zama matattara. Fantswam da Hausawa da Fulani da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Ibo da Yarabawa duk suka zauna wuri ɗaya, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da tasha, har da coci. Yankin ya daɗe yana ba da 'ya'yansa aikin soja, kuma Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya dawo wa ƙauyukansa da nasu masu dogara sanda.

Ko yaƙin Hitila ɗin ma bai tsallake garin ba. Marubuci kuma daraktan fim Biyi Bandele a Kafanchan aka haife shi a 1967, mahaifinsa kuwa yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai ƙasar Bama. Daga labaran uban ne ya rubuta littafinsa Burma Boy na 2007, wanda tauraronsa wani yaro ne mai jin Hausa da ake kira Ali Banana. Shi ne kuma ya ba da umarnin fim ɗin Half of a Yellow Sun na 2013, wanda ya haɗa Yaƙin Basasa da soyayya da cin amana tsakanin masoya. Ya rasu a Legas a 2022. Ashe ke nan garin ya taɓa haifar mai iya ba da irin wannan labari, sai dai da Turanci ya ba da shi.

Bayan yaƙe-yaƙen nesa kuma sai fitintinun gida. A watan Maris 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Kataf sau biyu, a Fabrairu da Mayu. A 1999 aka yi na naɗin Sarkin Jama'a. A Afrilun 2011 rikicin bayan zaɓe ya ci Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, har babbar kasuwar garin ta ƙone, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce fiye da mutum 800 ne suka mutu a jihohin Arewa cikin kwana uku. A ƙarshen 2016 aka yi ta kai hare-hare ƙauyuka irin su Godogodo da Goska. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar mutanen da adda ko harsashi ko wuta ta sauya wa jiki har abada, Musulmi da Kirista, maza da mata. In aka ƙara da haɗarin mota da na acaɓa, da shanyewar ɓarin jiki, da shan inna da ta daɗe tana gurgunta yara kafin a tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya a 2020, za a ga cewa da wuya a sami unguwar da babu irin gidan da muke magana a kai.

Abin Da Ke Cikin Ɗaki

A ɗauka wani magidanci ne manomin citta a wajen Kachia ko Kwoi, aka sare masa hannun dama. Watan farko gidan cike yake da masu dubiya, ana kawo kunu da 'yan kuɗi. Kafin shekara ta zagayo ƙafa ta ɗauke. Matar ce ke noma, ita ke kai kaya kasuwa, ita ke biyan kuɗin makaranta, ita ke yi masa wanka. Shi kuwa yana zaune a ƙofar ɗaki yana ƙirga mintocin da ta yi a waje. Mutumin da da shi ke bayarwa yanzu shi ke miƙa hannu, zuciyarsa ta ƙuntata, ya fara zargi tun kafin a yi komai. Ita kuma shekarunta ba su wuce talatin ba, a kasuwa akwai dillalin da ke yi mata sauƙi, yana kuma tambayar ta yadda ta kwana, tambayar da ta daɗe ba ta ji a gida ba. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, akwai labari a nan wanda ya fi ƙarfin a taƙaita shi da cewa mata ba su da amana.

Yanzu a juya hoton. Matar ce ta naƙasa. Mu ɗauki yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke jawowa. Duk wanda ya san asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata tun shekarun 1980, ko cibiyar asibitin Evangel da ke Jos, ya san cewa da yawa daga cikin matan da ke zuwa can mazansu sun riga sun rabu da su. Wajen haifa wa mijin ɗa ta gamu da lalurar, amma an ce ta tafi gidansu ta yi jinya, jinyar da ba a zuwa biko. In ya bar ta a ɗakinta ya ƙaro wata, har yabo yake samu, a ce ai ya yi ƙoƙari bai sake ta ba. Wanda aka ɗaura wa aure a coci, da ba shi da damar ƙarawa a fili, sau da yawa yakan ajiye wata a waje, dangi su kau da kai, su ce ai namiji ne. Ba a cika jin an kira ko ɗaya daga cikin waɗannan cin amana ba.

Abin lura shi ne, addini da doka ba su bar mutane a rufe ba. A fiƙihun Malikiyya akwai hul'i, akwai raba aure a gaban alƙali saboda rashin ciyarwa ko cutarwa, matar wanda ya ɓace kuma an yanka mata jiran shekara huɗu bayan ta kai ƙara. A coci ango da amarya kowa yana ɗaukar alkawarin zama da ɗan'uwansa ko da lafiya ko babu, alkawarin da bai ware namiji ba. Dokar aure ta tarayya ta 1970 ta tanadi yadda kotu za ta raba auren da ya riga ya mutu, kotunan gargajiya na kudancin Kaduna su ma suna da nasu tsarin na mayar da kuɗin aure. Matsalar ita ce bakin mutane ya fi kotu ƙarfi. Macen da ta nemi rabuwa da naƙasasshen miji ta hanyar da aka halatta, an dinga nuna ta da baki ke nan har ta mutu. Don haka wata takan zaɓi ta zauna a fili ta ɓace a ɓoye. Al'ummar da ta toshe ƙofar gaba tana da nata kason a laifin wanda ya bi ta taga.

Yadda Finafinanmu Ke Yi

Masu rubutu da masu fim na Hausa ba su taɓa jin tsoron batun cin amana ba. Tun 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, Balaraba Ramat Yakubu ta buga Alhaki Kuykuyo Ne, labarin attajirin da ya kori matarsa da 'ya'yanta saboda wata macen bariki. Fim ɗin Wasila na Yakubu Lere, wanda Ali Nuhu ya fito a ciki a 2000, ya yi tashe ne a kan matar auren da ta ci amanar mijinta. Inda muke tuntuɓe shi ne idan naƙasa ta shigo labarin.

Duk mai kallon finafinanmu, daga zamanin kaset zuwa masu dogon zango na YouTube, zai shaida cewa naƙasa takan zo ne da riga uku. Ta farko rigar sakayya: azzalumin alhaji ko muguwar kishiya, saura minti goma fim ya ƙare, sai haɗarin mota, sai keken guragu, ko makanta, ko hauka a kan bola. Ta biyu rigar barkwanci: makaho mai kwaɗayi, kurma mai juya zance, mai i'ina da ake jira ya maƙale a yi dariya. Ta uku rigar gwajin soyayya, inda za a gurgunta yarinya don a ga ko saurayi zai tsaya, in ya tsaya sai likita ya zo da albishir ta miƙe, ko kuma ta mutu ya sami damar auren ƙawarta. Ban ce babu wanda ya taɓa kauce wa waɗannan ba, amma su ne turbar da aka fi bi.

Rigar farko ta fi sauran illa. Yaron da ya tashi yana ganin keken guragu a matsayin hukuncin mugu, me zai ɗauka game da maƙwabcinsa da aka harba a gona? Rigar ta uku kuwa 'yar'uwar finafinan Jamus ɗin nan ce da na ambata, domin saƙonta shi ne rayuwa da naƙasa ba ta da ci gaba, ko dai a warke ko a mutu. Alhali ainihin labarin yana farawa ne ranar da aka sallamo mutum daga asibitin ƙashi na Dala, ya shekara ashirin yana zaune da matarsa a ɗaki ɗaya. Wannan shekara ashirin ɗin ita ce ba mu rubuta ba.

Harshen Kansa Yana Da Magana

Tunda mu masu nazarin harshe ne, bari mu saurari kalmomin. Muna da gurgu da makaho da kurma da bebe da kuturu da musaki, kowanne suna ne da ke haɗiye mutum gaba ɗaya, har a manta sunan yankansa. Kalmar naƙasasshe ma, a duba ƙirarta: ƙirar fasasshe ce da ruɓaɓɓe da karyayye, wato abin da aikin ya riga ya gama da shi. In aka ce mai naƙasa kuwa, mutumin na nan, naƙasar wani abu ne da yake ɗauke da shi. Kafafen watsa labarai yanzu sun fi son masu buƙata ta musamman, wadda ke da ladabi amma ta yi tsawo, ba ta kuma shiga bakin tsohuwa a ƙauye ba. Wannan aiki ne da ke jiran masana Hausa.

Karin maganarmu ma shaida ce. Muna cewa aikin banza, makaho da waiwaye. Muna kuma cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, wanda ke tona asirin cewa abin da ake ƙyama a jikin mai naƙasa sau da yawa talaucinsa ne. A ɓangaren aure kuwa, a auna nauyin neman mata da na bin maza. Aiki ɗaya ne, amma na farko ana faɗinsa har da murmushi, na biyu kuwa zagi ne da ke bin 'ya'ya da jikoki.

Sai dai akwai wata kalma da ta fi mu adalci, ita ce jinya. In aka ce wane yana jinya, shi ne marar lafiyar. In aka ce wance tana jinyarsa, ita ce mai kula da shi. Mai jinya na iya zama wanda ke kwance, yana iya zama wanda ke zaune a gefen gado. Hausa ta riga ta gane cewa su biyun ciwo ɗaya ke cin su. Marubucin da ya riƙe wannan ma'ana biyu ya riga ya sami rabin labarinsa.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce nuna irin wannan koya wa matan aure ɓarna ne, kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta bari ba. Damuwar tana da tushe, kuma ba mu kaɗai muka taɓa yin ta ba, domin limaman coci a Jamus sun yi wa Die Sünderin bore a 1951. Amma ba tsiraici ake nema ba. Borchert a rediyo ya fara ba da labarinsa, inda babu abin gani ko kaɗan, ya kuma girgiza ƙasa. Hausa kuwa gwana ce wajen sakaya zance. Takalmin baƙo a ƙofar ɗaki, ko sabon zanen da miji bai san inda aka samo shi ba, sun isa su gaya wa mai kallo komai. Fahimtar dalilin da ya kai mutum ga kuskure kuma ba halatta kuskuren ba ne. Likitan da ya gano abin da ke kawo ciwo ba goyon bayan ciwon yake yi ba.

Wani kuma zai ce taɓo rikicin kudancin Kaduna fama tsohon miki ne. Gaskiya ne wuri ne da ake taka-tsantsan, ko fim ɗin Bandele sai da hukumar tace finafinai ta ƙasa ta jinkirta fitarsa na watanni a 2014 saboda tsoron abin da zai tayar. To amma labarin da nake nufi ba ya buƙatar a faɗi wanda ya yi saran. Daga bakin ƙofar gida yake farawa, bayan an dawo daga asibiti. Matar mai hannu ɗaya a Matsirga da takwararta a Kagoro, ko da ɗaya masallaci ake zuwa a gidansu ɗaya coci, dare iri ɗaya suke kwana. A watan Maris 2016 wakilan al'ummomin yankin sun sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. Takarda irin wannan shugabanni take haɗawa. Labarin da zai sa mace ta ga kanta a cikin matar wancan ɓangaren yana iya kaiwa inda takardar ba ta kai ba, kuma Hausa ce kaɗai harshen da dukkansu za su ji shi da ita.

Kammalawa

A watan Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya karya ta, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Doka ce mai kyau, amma iyakarta ƙofar ofis da matakalar bene. Ba ta shiga ɗakin aure, ba ta hana uwar miji habaici, ba ta koya wa mai gida yadda zai karɓi abinci daga hannun matarsa ba tare da ya tsane ta ba. Wannan aikin adabi ne.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai. Mai neman batun kundin digiri ya ɗauki finafinai ashirin ya ƙirga yadda aka fito da masu naƙasa a cikinsu, ko ya tattara karin maganar da ta shafe su ya auna ta. Mai sha'awar fassara ya nemi wasan Borchert ya gwada zuba shi a Hausa, ya ga yadda Beckmann zai yi magana in a tashar Kafanchan ya sauka. Mai rubuta labari kuwa, kafin ya ɗora alƙalami, ya je ya zauna da sarkin guragu ko sarkin makafin garinsu, da ƙungiyoyin masu naƙasa, da matan da ke jinyar mazansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya tashi rubutawa, ya ba kowa bakinsa, miji da mata har da na ukun, ya bar masu Hausar Kafanchan su yi irin Hausarsu ba don a yi musu dariya ba, kada kuma ya warkar da kowa a minti goman ƙarshe. In an zo ɗaukar fim, a nemi mai naƙasa na gaskiya ya fito a matsayin, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane tauraro.